Kaskon Bakance

Kaskon yana gindin tsamiyar da ke bayan dangar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Tsamaye. An ɗora shi a kan duwatsu uku kamar tukunya a murhu. Faɗinsa ya fi na babban faifai, bakinsa ya ɓantare a wuri ɗaya, cikinsa kuma ya yi kore saboda daɗewa da ruwa. Tun da na yi wayo a nan na tarar da shi. Ba a wanki a cikinsa, ba a shayar da awaki. Na kurciyoyi ne.

Kakata, wadda ta haifi babana, ita ke cika shi. Da zarar damina ta wuce, tafkuna suka fara ƙafewa, kullum da hantsi za ta ɗauki tulu ta fita, ni kuma in bi ta da ƙoƙo. Tana tsiyaya ruwan tana cewa, "Ku sha, mu ma mun sha." Daga nan sai mu koma jikin danga mu tsuguna. Ba a daɗewa za su fara sauka. Ƙananan kurciyoyi masu ɗigo-ɗigo a ƙirji su ne na farko, sai wala mai baƙin zobe a bayan wuya, sai hasbiya mai jan kewayen ido, wadda ke tafe tana hura ƙirji kamar kaskon na ubanta ne. Bardo mai dogon wutsiya shi ne na ƙarshe, ya sha a tsorace ya tashi. A wurin na lura cewa kurciya ba ta sha kamar kaza. Kaza takan ɗebi ruwa ta ɗaga kai sama. Kurciya kuwa tsoma baki take yi har hanci, ta yi ta zuƙa ba ta ɗagowa sai ta ƙoshi.

Na sha jin asalin kaskon daga bakin Kaka. Lokacin da masu tutar jihadi suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, matan Gobir sun watsu cikin daji da goyo a baya, sun nufi arewa. Wata kakar kakanninmu tana cikinsu. Ƙishirwa ta kama su har yara suka daina kuka. Da rana ta yi sanyi sai matar ta ga kurciyoyi suna wucewa ƙasa-ƙasa, duk wuri ɗaya suka dosa. Ta bi su, sauran mata suka bi ta, suka tarar da ruwa kwance a wani kwari. A nan ta yi bakance ga Allah, wato ta ɗauki alkawari: muddin zuriyarta na raye, kurciya ba za ta kwana da ƙishirwa a kusa da gidansu ba, kuma ba za su ci namanta ba. Da Gobirawa suka dawo daga wajen Tsibiri, inda suka fake, suka kafa Sabon Birni, alkawarin ya dawo tare da su, daga hannun uwa zuwa hannun ɗiya. An sauya kasko ba sau ɗaya ba, amma bai taɓa wuni a bushe da rani ba. Ruwan da aka zuba kuma ba a zubar da shi, sai dai a ƙara wani a kai, don an riga an ba da shi.

Kaka ba ta haifi mace ba. Don haka kowa a gidan ya san ni ce za ni gaje shi.

"Ga tsiya," in ji ta, "dut zuriya a rasa wadda za ta riƙa kasko sai bebiya."

Bebiya take ce mini saboda ba na magana. A makarantar boko ina aji biyar, amma malamai da yawa ba su san muryata ba. In an tambaye ni abu, ko na san amsar, sai harshena ya yi nauyi, in kafa ido a yatsun ƙafata har a gaji a wuce. Ranar da aka koya mana jihadi, malamin tarihi ya gama da Gobir a layi biyu: sun ƙi, an ci su. Na rubuta yadda ya faɗa, na ci makin.

Danga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam, wanda nake karatun allo a zaurensa bayan la'asar. Kakanninsa suna cikin waɗanda aka zaunar a Isa don su tsare iyaka daga Gobirawa, kuma bai manta ba, kamar yadda Kaka ba ta manta ba. Ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa dukana ba, kuma shi ya fara lura cewa rubutuna yana da kyau. Abin da yake so a duniya bayan littattafansa shi ne tantabaru. Ya jera musu tsofaffin tukwane a kan katangar zaure, kuma yakan tsaya tsakiyar biya mana karatu ya bi su da ido in sun tashi. Tantabarun nan a kaskon Kaka suke shan ruwa, don ya fi kusa.

Bai ƙi a ba tsuntsu ruwa ba. Kalmomin ne ba ya so.

"Iya," yakan ce ta saman danga, "ruwan ga sadaka na, Allah shi ba da lada. Amma maganar ga da kika yi da tsuntsaye, da wa kika yin ta?"

"Da wanda yas sha."

"Ragowar al'adun da anka yaƙa na fa."

"To a sake yaƙin mana, Malam. Ga ni, ga tulu. Amma ka hwara hana tantabarunka shan ruwan arna."

Sai ya yi dariya ya koma zaure. Haka suke tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa zaton abin zai wuce haka ba.

A bazarar shekarar da nake ba da labari, Malam ya dawo daga kasuwar Isa da sababbin tantabaru biyu a cikin kwando, farare tas, masu gashi har ƙafa. Ya ɗaga macen ya nuna mana, muka yi ta kallo. Bayan kwana biyu ko uku na gan ta a bakin kasko ita kaɗai. Ta tsoma baki ta zuƙa, sai ruwan ya dawo ta gefen bakin ya koma cikin kaskon. Ta sake, ya sake dawowa. Gashin ƙirjinta ya jiƙe ya manne. Na matsa kusa, ba ta tashi ba. A kusurwar bakinta akwai wani abu rawaya kamar gwaiduwar dafaffen ƙwai. Na tsaya na daɗe ina kallonta. Na yi niyyar faɗa wa Malam da la'asar, amma da na shiga zaure na tarar da yara cike, sai na zauna na ɗauki allona.

Kwana biyu bayan haka na same ta a mace a bayan rumbunmu. A cikin gidanmu, ba a nasu ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne za a ce mu ne, ko a tara mutane a tambaye ni yadda aka yi. Na tona rami da guntun sakaina a gindin rumbun, na tura ta ciki, na mayar da ƙasa, na tattake. Da la'asar Malam ya ƙirga tantabarunsa ya ce shaho ya ɗauke masa amaryar. Ya yi ta tsine wa shaho. Ina zaune a gabansa, ƙasar ramin ba ta ma fita daga ƙarƙashin farcena ba.

Ba a yi sati biyu ba kurciyoyi suka fara. Za ka ga ɗaya ta sauka ta kumbura gashi, ta zauna a ƙasa idonta a lumshe. Ta tsinci ƙwayar gero, ta juya ta a baki, ta yar. Ba sa nisa da ruwa. Wasu a bakin kaskon suke wuni, suna sha yana zubowa.

"Zahin bana na," in ji Kaka. "Ƙishirwa ta ka cin su."

Sai ta ƙara. Maimakon sau ɗaya, muka koma cikawa da hantsi da kuma bayan azahar. Da ta ga sun rame, ta fara watsa tsakin gero kewaye da duwatsun. Labari kamar ya bazu a daji, don tsuntsayen da ban taɓa gani a wurin ba suka riƙa zuwa, har ba a ganin bakin kaskon sai kawuna. Masu lafiya da marasa lafiya kafaɗa da kafaɗa. Ruwan ya fara yauƙi, wani farin abu yana yawo a samansa. Na nuna mata da yatsa.

"Na gani, ba makauniya nike ba. Ƙara wani bisa."

Na ƙara. Da hannuna na ƙara, kullum sau biyu.

Aikina na safe kafin in tafi makaranta ya zama tsintar gawa. Ina zagaya tsamiya da tsohon kwando, in kai su bayan gari. Ba su da nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinsu kamar bakin wuƙa. Wata rana na buɗe bakin wata wala da tsinke. Rawayan abin nan ya cika maƙogwaron har ya toshe shi, yana wari kamar ruɓaɓɓen nono. Irin na farar tantabarar ne sak. Na jefar da tsinken na goge hannuna da ƙasa. A cikin sheƙar da ke ƙarƙashin jinkar rumbu akwai 'ya'ya biyu da nake leƙawa tun suna ƙwai. Uwarsu takan sa bakinsu cikin nata ta ɗura musu abinci. Su ma na tarar da su a sanƙare, bakunansu a buɗe. Har wani shaho aka tsinta a gonar bayan gari, ya kasa tashi, yara suka ce bakinsa a cike yake da abin.

Sannan tantabarun Malam suka bi. Tukwanen kan katanga suka riƙa zama wayam ɗaya bayan ɗaya. Ya daina tsayawa a tsakiyar karatu. Ya daina leƙowa ta saman danga.

Maganar daga bakin rijiya ta taso. Innata ta dawo da tulu rabi, ta ajiye, ta shige ɗaki. Daga baya na ji abin da ake faɗa: tsohuwar Bagobira tana tofa wani abu a ruwa, tsuntsaye take ba iskokin gidansu, bana sun nemi da yawa. Wata ta ce in an gama da tsuntsaye kan yara za a dawo. A zaure, yarinyar da muke zama tabarma ɗaya ta janye allonta daga jikin nawa.

Ranar wata Alhamis Malam ya yi sallama da babana. Suka zauna a ƙofar gida, aka aike ni da ruwan sha. Na durƙusa na ajiye kwanon, zan tashi sai Malam ya ce in dakata.

"Ɗiyata, ke ka bin ta kullum. Ke kuma ba ki ƙarya, na sani. Mi kinka gani ga ruwan ga?"

Ga tambayar da nake jira, an kawo mini har gabana, kuma cikin lallashi. Na san abin da za ni ce. Na jera shi a raina dare da rana: tantabararka ce ta fara, farar, na ga bakinta, tana gindin rumbunmu. Amma in na faɗa, sai in faɗi wanda ya binne ta, da dalilin da ya sa na yi shiru ana tsine wa shaho. Na dubi saƙar tabarmar, inda jan kaba ya haɗu da fari.

"Ba komi," na ce.

Babana ya sallame ni. Ina jin Malam yana cewa ba ya zargin kowa, amma a ɗauke kaskon, a huta. Babana ya ce uwarsa ce, ba zai iya ba. Da ya shigo ya gwada yi mata maganar, ko ɗago kai ba ta yi ba daga kaɗin da take yi.

"Masu dawaki da tuta ba su kihe shi ba. Mai tantabaru za shi kihe shi?"

Ranar kasuwar Isa babana ya tafi ya nemo malamin dabbobi. Washegari da hantsi ya iso a kan babur, wani dattijo Bayarabe mai furfura a gemu, wanda ya daɗe a ƙasar nan har Hausarsa ta koma irin tamu. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Yana ganin zanen fuskar Kaka ya washe baki.

"Af, ashe gidan bayina anka kawo ni. Wace kyanwa ta yakushe ki haka, tsohuwa?"

Rabon Kaka da dariya an fi wata. Sai ga shi ta yi.

"Ji ɗan banza. Wa yab ba bawa babur? Sauko ka gaida uwargijiyarka, in sa a ba ka tuwo da manja."

"Tuwon Bagobira? In ci in kwana ina gudu, awa yadda kunka gudo daga Alƙalawa?"

"Mu mun gudu mun dawo. Kai mi yah hana ka komawa gida?"

Mutane suka taru, har da Malam da wasu dattawa. Aka zagaya bayan danga. A ranar akwai gawa huɗu a kwandona, da wata hasbiya da ke numfashi da kyar a gindin dutse. Dattijon ya tsuguna ya buɗe bakunansu ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa kaskon, ya tsoma kara ya ɗago, yauƙin ya biyo karan. Sai ya daina murmushi.

Ya ce ba guba ba ce, ba kuma sammu ba. Wata ƙwayar cuta ce mai rai, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta, a maƙogwaron tsuntsu take zama tana ci har ta toshe shi, tsuntsun ya mutu da yunwa ga abinci a gabansa. In mai ita ya sha ruwa, takan biyo yawunsa ta zauna cikin ruwan, wanda ya sha bayansa ya ɗauka. Uwa kuma tana ɗura wa 'ya'yanta. Ya ce rana da bushewa ne ke kashe ta, amma a ruwan da ba a zubarwa, gida ta samu. Ya ce sau da yawa daga tantabarun gida take fitowa ta shiga na daji, kuma na daji ba mai yi musu magani, sai dai su ƙare. Daga nan ya ɗago kai ya dubi mutane.

"Akwai wanda yak kawo sabon tsuntsu garin ga kahin abin shi hwara?"

Malam ya amsa da gaskiyarsa, iyakar abin da ya sani. Ya ce ya sayo biyu a Isa. Macen shaho ya ɗauke ta da lafiyarta. Namijin kuwa sai da kurciyoyi suka daɗe da fara mutuwa sannan ya kamu.

Ina tsaye da kwando a hannu, taku biyar tsakanina da shi, taku goma tsakanina da gindin rumbu. Mutum ya fi ashirin a wurin, duk manya. Na buɗe baki. Na ji iska ta shiga ta busar mini da harshe. Na rufe.

"To ba ni iya cewa ga inda tat taso," in ji malamin dabbobi. "Amma inda taka yaɗuwa, ga shi nan."

Kaka ta matso. Ta dafa kafaɗata don ta tsaya daidai.

"Kai, bawa. Bar wasa. Ruwana na ka kashe su?"

Bai ce mata baiwa ba, bai ce tsohuwa ba.

"Iya, ruwanki na. Ki yi haƙuri."

Da Malam ne ya faɗa, da ta zage shi. Da babana ne, da ta kore shi. Amma abokin wasa ba ya yi maka ƙarya in ya ajiye wasan, ta san haka. Ya ci gaba da bayani, cewa a zubar, a kife shi a rana na wasu makonni, in cutar ta lafa a dawo da shi, amma a riƙa wankewa kullum ana shanyawa. Ban ga alamar tana ji ba. Babana ya sunkuya zai ɗaga kaskon, ta buge masa hannu. Ta durƙusa da kanta, ta sa hannu biyu ta tura. Ruwan ya malala a ƙasa, ƙasar ta shanye shi nan take. Ta kife kaskon a kan duwatsun, ta miƙe ta shige gida, ba ta yi wa kowa sallama ba.

Duk bayanin da dattijon ya yi, kalma biyu garin ya riƙe: ruwanki na. A bakin rijiya aka ce har likita ya tabbatar. Ba wanda ya tuna maganar tantabarun gida. Malam bai ambaci sunan kowa ba, amma a wannan makon ya yi mana nasiha a kan al'adun da mutane ke riƙewa suna zaton alheri ne, har Allah ya tona asirinsu. Yara suka riƙa waigowa suna kallona. Na rubuta abin da aka ba ni a allo, na wanke, na sha.

Bazara ba ta ƙare ba tukuna. Kullum da hantsi tsuntsayen da suka rage sukan zo su sauka a kan kifaffen kaskon, su yi ta zagaya shi, suna leƙa ƙarƙashi. Kaka takan zauna a ƙofar ɗakinta inda take hango su ta ɓarakar danga. Da makonnin suka cika, babana ya tuna mata cewa an ce za a iya mayarwa.

"Bakancen da yak kwana bushe, wane bakance na kuma?" ta ce. "Kwana nawa kurciya ta yi da ƙishirwa bayan ɗakina? Ƙirga man."

Ruwan sama ya sauka, aka yi shuka. Mutuwar ta tsaya, amma ba sauran abin mutuwa da yawa. A da, in gero ya fara ƙosawa sai an sa yara kora a gonakin bayan gari. A shekarar ba a sa ba, manoma har murna suka yi. Tsamiyar da ba a jin maganar mutum a gindinta da safe saboda kuka ta koma sai ƙarar ganye. Wala ban sake ganin ko ɗaya ba har na bar firamare. Hasbiya guda biyu suka rage a kan masallaci. Malam kuwa, kafin lokacin girbi ya yi, ya sayo wasu tantabarun daga Isa, ya ajiye musu kwanon ruwa a cikin gidansa.

Sai da tafkuna suka sake ƙafewa, na ga hantsi yana yi yana wucewa tulu na jingine, sannan na faɗa wa Kaka. Mu biyu ne a gida, tana ɓarar gyaɗa. Ban dube ta ba. Na faɗi komai a jere, da farar tantabarar, da bakinta, da sakainar, da ranar da Malam ya tambaye ni, da ranar malamin dabbobi. Ban taɓa yin doguwar magana irin wannan ba a rayuwata. Da na gama, hannunta bai tsaya ba. Sai da ta ɓare gyaɗa ta kai goma.

"Ashe kina da baki."

Ta watsar da ɓawon da ke hannunta, ta ci gaba.

"Ni ba ni da abin yi da maganar ga. Ruwana dai ya kashe su, ko wa yak kawo ta. Amma an ce da ni mayya a garin da na haihu na aurar. Tashi ki tai ki hwaɗa ma Malam. Yanzu. In kin dawo mu ɗauki tulu."

Na tashi. Na fita ta ƙofar gida, na bi jikin danga, na isa zauren. Malam yana zaune shi kaɗai yana fiƙe alƙalami, sababbin tantabarunsa suna kai da kawowa a kan katanga. Ba yara, ba dattawa, ba kowa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi jikin Iya, ya ce kwana biyu bai ji muryarta ba, har ya yi kewar faɗanta. Sannan ya ce, "Lahiya dai, ɗiyata?"

Na ce tawadata ce ta ƙare.

Ya ɗauko tasa ya zuba mini a 'yar kwalba, ya ce in yi hankali kar ta zube.

Na dawo da kwalbar a hannu. Kaka ta dubi hannun, ta dubi fuskata. Da Innata ta dawo daga unguwa, sai Kaka ta kira ta, ta ce akwai kasko a bayan danga yana zaman banza, a ɗauko a riƙa jiƙa wa awaki dusa a ciki. Innata ta ce in je in kawo. Na je na ɗauko shi a ka, na ajiye a turken awaki, na koma na kwaso duwatsun uku don kar wani ya yi tuntuɓe.